Kalma Nawa Ke Isar Ɗalibi? Michael West da Rigimar Ƙidayar Kalmomin Turanci

Yawancin waɗanda suka yi makarantar boko a Nijeriya a shekarun baya sun san wani ɗan ƙamus da ake kira "Michael West". Sunan ya zauna a bakin ɗalibai har wasu suka ɗauka sunan littafin ke nan, ba su san cewa sunan mutum ba ne. Mutumin Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1888, ya mutu a 1973, kuma shekaru ashirin na aikinsa a Indiya ya yi su. Ƙamus ɗin nan reshe ne kawai na wata tambaya da ta cinye masa rayuwa: idan yaro zai koyi harshen da ba nasa ba, kuma lokacin da yake da shi kaɗan ne, waɗanne kalmomi za a fara ba shi, kuma guda nawa?

West ya isa Indiya a 1912 a matsayin ma'aikacin ilimi na gwamnatin mulkin mallaka, kuma a 1920 ya zama shugaban kwalejin horon malamai ta Dakka, birnin da a yau shi ne hedikwatar Bangladesh. Tsarin da ya tarar ya samo asali ne tun 1835, lokacin da Thomas Macaulay ya rinjayi gwamnati ta mayar da hankali ga ilimi cikin Turanci. Tunanin shi ne a ilimantar da 'yan ƙalilan na sama, daga nan ilimi ya riƙa tsatsafowa zuwa ga talakawa. Saboda haka aka gina manhajar Turanci domin yaron da zai kai ƙarshen makaranta, ya ci jarrabawar shiga jami'a, ya zama akawu ko lauya. Sai dai alƙaluman da West ya duba sun nuna cewa irin wannan yaro ba shi da yawa. A 1919, kusan kashi ɗaya bisa uku na yaran aji 3 ba su taka aji 4 ba, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari sun bar makaranta kafin aji 10. Waɗannan yara sun yi shekaru suna haddar dokokin nahawu da baitocin waƙoƙin Ingila, suka fita ba su iya karanta ko da takardar sanarwa ba.

A nan ne West ya aro wata kalma daga masu harkar inshora. Idan mutum ya daina zubi kafin wa'adinsa ya cika, akwai abin da kamfani ke mayar masa; ba ya tashi a tutar babu. West ya ce kowace shekara ta karatu ya kamata ta kasance da irin wannan abin mayarwa, wato amfanin da ɗalibi zai tafi da shi gida ko da yau ya daina zuwa. Da ya auna sassan harshe da wannan ma'auni, sai ya ga karatu ne ya fi biya. Magana tana buƙatar malami mai kyakkyawan lafazi da abokan hira, waɗanda babu su a ƙauyukan Bengal. Karatu kuwa littafi kawai yake buƙata, kuma wanda ya iya shi zai ci gaba da ƙaruwa shi kaɗai bayan ya bar aji. Ya kuma lura cewa abin da ɗan Bengal ke nema a Turanci shi ne ilimin kimiyya da sana'a wanda a lokacin ba a rubuta shi da harshensa ba. Waɗannan hujjoji ya tattara a rahotonsa mai suna *Bilingualism*, wanda ya fito a 1926.

Da ya buɗe littattafan karatun da ake amfani da su, sai ya sami cuta iri biyu. Ta farko ita ce zaɓen kalmomi. An cika littattafan yara da kalmomin adabi na dā waɗanda Baturen kansa ba ya furta su a kasuwa: *isle* maimakon *island* don tsibiri, *ere* maimakon *before*, *nought* maimakon *nothing*. Ya bi su ya sauya da na yau da kullum. Ta biyun ta fi ɓoyuwa, kuma a nan ne basirarsa ta fi fitowa. Ya ƙirga ya ga cewa a tsohon littafin farko, yaro yana cin karo da sabuwar kalma a kusan kowace kalma bakwai. Wannan ba karatu ba ne, fassara ce da ƙyar, layi bayan layi, da yatsa a kan ƙamus. Sai ya tsawaita labaran ba tare da ƙara kalmomi ba, har ya zamana sabuwar kalma ɗaya ce cikin fiye da arba'in, kuma kowace sabuwa ana maimaita ta sau da dama kafin a kawo wata. Kamfanin Longmans ya fara buga waɗannan littattafai da sunan *New Method Readers* daga 1926 zuwa 1927, daga baya suka bazu zuwa Silon da Falasɗinu da ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Birtaniya.

Mai karatun da ya yi karatun zaure zai ga bambancin nan da nan. A can, ana koyon luggar Larabci ta hanyar littattafai irin su *Maƙamat* na Hariri, malamin Basra wanda ya rasu a 1122, inda ake jero kalmomin da ba a cika ji ba da gangan, malami na fassarawa kalma bayan kalma. Wannan hanya ta haifi manyan masana, amma an gina ta ne domin ɗalibin da zai zauna gaban malami shekara goma ko ashirin. West yana tunanin wanda zai tafi gona bayan shekara biyu ne.

Tambayar da ta rage ita ce yadda za a san kalmar da ta fi amfani. Ƙidayar kalmomi ta riga West. A 1898 wani Bajamushe, F. W. Kaeding, ya fitar da sakamakon ƙirga kusan kalmomi miliyan 11 na Jamusanci da hannu, da taimakon ɗaruruwan masu sa kai, kuma ba domin koyarwa ya yi ba, domin inganta rubutun gaggawa na akawuna ne. A Amurka, masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike na Jami'ar Columbia ya buga *The Teacher's Word Book* a 1921, jerin kalmomi 10,000 da aka tsara bisa yawan fitowarsu a cikin rubuce-rubucen da suka haura kalmomi miliyan 4. Abin da irin wannan ƙidaya ta bayyana ya ba mutane mamaki: 'yan kalmomi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin harshe. Kalmar *the* ita kaɗai takan kai kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na rubutun Turanci, kuma kalmomi dubu biyu na farko sukan rufe kusan kashi 80 cikin ɗari na shafin rubutu na yau da kullum. Bayan nan riba takan ragu ƙwarai. Kowace sabuwar dubu tana ƙara abin da bai taka kara ya karya ba.

Amma jerin Thorndike yana da nasa lahani. Kaso mafi tsoka na rubutun da ya ƙirga daga Littafin Baibul da tsofaffin littattafan adabi ya fito, don haka kalmomin da suka tsufa suka haye sama. Ban da haka, ƙidayar ba ta raba ma'anoni ba. Kalmar *bear* ta dabba da *bear* ta jurewa duk abu ɗaya ne a wurinta, alhali ga ɗalibi aiki biyu ne daban.

Ana cikin haka sai wani mutum ya fito daga Cambridge da amsar da ta sha bamban. C. K. Ogden ba malamin aji ba ne, masanin falsafar harshe ne, kuma bai damu da ƙidaya ba. Tambayarsa ita ce: mene ne mafi ƙarancin kalmomin da za a iya faɗin komai da su? A 1930 ya fitar da *Basic English*, kalmomi 850 da za a iya bugawa a fuska ɗaya ta takarda: sunaye 600, sifofi 150, da kalmomin aiki da haɗi 100. Aikatau 18 kacal ya bari, irin su *come*, *get*, *give*, *go*, *make*, *put* da *take*. Maimakon *disembark* sai a ce *get off a ship*. Maimakon *ask* sai a ce *put a question*. Burinsa ya wuce aji. Yana son wannan ya zama harshen duniya na biyu, na kasuwanci da kimiyya da zaman lafiya, kuma abokinsa I. A. Richards ya kwashi shekaru yana tallata shi a ƙasar Sin.

West, wanda ya bar Indiya a 1932 ya koma Toronto ta Kanada, bai yarda ba, kuma a 1934 ya fitar da suka a rubuce tare da abokan aikinsa. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Ƙarancin kalmomin Ogden na ido ne kawai, domin an matse nauyin ne zuwa cikin ma'anoni. Wanda ya san *put* kuma ya san *up* da *with* bai san cewa *put up with* na nufin haƙuri da abu ba; dole ya koye shi a matsayin sabon abu. Wani lissafi da aka yi daga baya ya nuna cewa kalmomin nan 850 suna ɗauke da ma'anoni fiye da 12,000. Sa'annan wanda ya ƙware a tsarin Ogden bai iya karanta jarida ba, tun da mai rubuta jarida bai ɗaure kansa da jerin ba. A taƙaice, harshen ya fi sauƙi ga Baturen da zai rage Turancinsa fiye da baƙon da zai koya daga tushe. Ogden ya fusata, ya mayar da martani a 1935 da littafi sukutum mai suna *Counter-Offensive*, kuma gabar ba ta warke ba.

A watan Oktoba na 1934 Gidauniyar Carnegie ta kira taro a New York domin a daidaita batun zaɓen kalmomi, aka sake zama a Landan a 1935. Ogden bai halarta ba. Waɗanda suka ɗauki aikin su ne West, da Harold Palmer wanda tun 1922 yake aikin gyaran koyar da Turanci a Japan, da Laurence Faucett wanda ya koyar a Sin, Thorndike kuma yana ba da shawara. Rahoton wucin gadi da suka fitar a 1936 ya ɗauki hanyar tsakiya. An fara da ƙidaya, amma ba a bar ta ta yanke hukunci ita kaɗai ba. An tambayi kowace kalma: shin akwai wata da ke yin aikinta? Shin ana buƙatarta wajen bayyana wasu kalmomi? Shin ta taƙaita ga ƙasa ɗaya ko fanni ɗaya? Shin wahalar koyonta ta kai amfaninta? Kalmar da ke nuna zafin rai kawai ko ƙawa ta salo an ajiye ta, bisa hujjar cewa mai koyo yana buƙatar faɗin abin da yake nufi kafin ya buƙaci yi masa ado. Wannan hukunci ne na malamai da suka tsaya gaban allo, kuma shi ya bambanta aikinsu da na Thorndike da na Ogden.

Kafin rahoton ya fito, West ya riga ya gwada hujjarsa a aikace. A 1935 shi da James Endicott suka buga *The New Method English Dictionary*, inda suka bayyana kalmomi da salon magana kusan 24,000 da kalmomi 1,490 kacal. Shi ne ƙamus na farko na Turanci zuwa Turanci da aka yi musamman domin baƙon harshe. Kafin sa, ɗalibi kan nemi kalma mai wuya ya tarar an bayyana ta da kalmomi uku da suka fi ta wuya. Daga wannan zuriya ne ɗan ƙamus ɗin da ya shiga jakunkunan ɗaliban Nijeriya ya fito. Ta ɓangaren Palmer kuma, aikin da ya fara a Tokyo kan kalmomin da ke tafiya tare shi ne A. S. Hornby ya ci gaba da shi, ya zama ƙamus a 1942, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama *Oxford Advanced Learner's Dictionary*. Ƙamusai biyun da suka fi shahara a makarantun Afirka ta Yamma, ashe, daga ɗaki ɗaya suka fito.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin jerin, ya kuma ba Ogden ranarsa. A ranar 6 ga Satumba 1943, Winston Churchill ya yi jawabi a Jami'ar Harvard inda ya yabi *Basic English*, yana kallonsa a matsayin hanyar faɗaɗa tasirin masu jin Turanci ba tare da mamaye ƙasar kowa ba. Ya kafa kwamitin ministoci a kan batun, kuma bayan yaƙi gwamnatin Birtaniya ta sayi haƙƙin mallakar tsarin a kan fam 23,000. Wannan goyon baya ya fi cutar da shi fiye da taimako. Abin da aka tallata a matsayin harshen zaman lafiya sai ya fito da kamannin makamin daula, ma'aikatun da aka ɗora wa aikin kuma ba su yi ɗokinsa ba, a hankali maganar ta mutu. George Orwell, wanda ya nuna sha'awar tsarin lokacin da yake aiki a BBC, ya fitar da labarinsa *Nineteen Eighty-Four* a 1949, inda gwamnati ke rage kalmomin harshe da gangan domin ta rage abin da mutane za su iya tunani. Masu nazari da yawa suna ganin inuwar Ogden a wurin. Ra'ayin taƙaita kalmomi dai bai ɓace ba: a 1959 Muryar Amurka ta fara shirye-shiryen Turanci na musamman da kalmomi kusan 1,500, ana karantawa a hankali.

Bai kamata a wanke West daga siyasar zamaninsa ba. Ma'aikacin daula ne, kuma cikin littattafan da aka sauƙaƙa a jerinsa akwai irin su *King Solomon's Mines*, wanda hoton Afirka da ke cikinsa ba abin alfahari ba ne ga yaron Afirka da aka ba shi ya karanta. Akwai kuma sukar da ta shafi hanyar kanta: labarin da aka tace ya rasa gishirinsa, kuma ɗalibin da ya saba da shi kan gigice ranar da ya buɗe littafi na ainihi. Duk da haka, cikin masu tsara manufofin harshe na wancan zamani, shi ne ya fara lissafi daga yaron da zai fita, ba daga wanda zai gama ba.

Sai a 1953 jerin ya fito a kammale da sunan *A General Service List of English Words*, kalmomi kusan 2,000. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ƙidayar ma'anoni da Irving Lorge ya jagoranta, wadda aka auna bisa kalmomi miliyan 5. A ƙarƙashin kowace kalma an nuna kashi nawa cikin ɗari kowace ma'ana take ɗauka. Malamin da ya duba *game* zai ga cewa ma'anar wasa da gasa ta rinjayi ma'anar naman farauta, sai ya san wadda zai koyar a bana da wadda zai bari sai baɗi.

Faransawa sun bi sawu a daidai wannan lokaci, da niyyar yaɗa harshensu musamman a ƙasashen da suke mulka, kuma sun gano wani abin da ƙidaya ke ɓoyewa. Ayarin Georges Gougenheim ya naɗi hirarrakin mutane da na'ura ya ƙirga kalmomi fiye da 300,000, sai aka tarar kalmomi irin su *fourchette*, wato cokali mai yatsu, kusan ba sa fitowa. Kowa ya san kalmar, kowa yana amfani da abin kullum, amma ba a cika ambatonsa ba sai an buƙace shi. Don haka suka ƙara ma'auni na biyu: suka ba 'yan makaranta batutuwa kamar abinci da sutura da sassan jiki, suka ce su rubuta kalmomin da suka fara zo musu. Daga haɗin hanyoyin biyu aka sami jerin da ya fito a 1954, wanda daga baya aka sani da *Français fondamental*.

Bayan haka batun kalmomi ya yi sanyi na kusan shekaru talatin. Hankalin masana ya koma ga tsarin jimla, aka riƙa ɗaukar kalmomi a matsayin abin da ɗalibi zai tsinta a hanya. Da kwamfuta ta sauƙaƙa ƙidaya, sai aka dawo. Binciken Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, tare da Marcella Hu a 2000, ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Kashi 98 na nufin baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin, wato kusan daidai da abin da West ya kai gare shi a Dakka da fensir da takarda. Sai dai binciken ya kuma nuna iyakar jerin nasa. A 2006 Nation ya lissafa cewa karanta labari ko jarida ta ainihi a wannan mataki yana buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Dubu biyun West suna kai ɗalibi bakin ƙofa ne. Tsakaninsu da jaridar safe akwai tafiyar shekaru, kuma a wannan tazara ce ɗalibai da yawa da ake koyarwa da Turanci a matsayin harshe na biyu suke maƙalewa, suna iya karanta shafin kimiyya da baki ba tare da sun san abin da ya ce ba.

Domin cike wani ɓangare na tazarar, Averil Coxhead ta fitar da jerin kalmomin karatun jami'a a 2000, iyalai 570 irin su *analyse* da *concept*, kuma ta gina shi ne a kan na West kai tsaye: duk kalmar da ke cikin dubu biyunsa ta ɗauka ɗalibi ya riga ya sani. Ƙamus ɗin Longman na 1978 ma ya ɗauki dabararsa, ya bayyana komai da kalmomi kusan 2,000. Jerin na 1953 ya tsufa a fili, tun da rubutun da aka ƙirga na kafin yaƙi ne: akwai *shilling* a ciki, babu *television*, babu *computer*. Amma an yi shekaru sittin ana aiki da shi kafin a sami masu maye gurbinsa. A 2013 ayari biyu, ɗaya a Japan ƙarƙashin Charles Browne, ɗaya a Jami'ar Lancaster ta Ingila, suka fitar da sababbin jeri daga rumbunan rubutu na ɗaruruwan miliyoyin kalmomi zuwa biliyoyi, kuma dukansu biyu suka riƙe sunan da West ya raɗa, suka ƙara masa kalmar "sabo" a gaba.